KAYAN KOWA A RUMFAR MUTUM ƊAYA: Yadda Sharuɗɗan Kantunan Manhaja Su Ke Ɗaure Aikin 'Yan Sa Kai

A farkon watan Janairun 2011, masu amfani da wayar iPhone da allon iPad suka wayi gari suka tarar wata manhaja da suka saba gani a kantin kamfanin Apple ta yi ɓatan dabo. Manhajar kuwa ita ce VLC, wadda a ke kallon fina-finai da sauraren waƙoƙi da ita, mai alamar ɗan mazurarin nan ruwan lemo da ratsin fari irin wanda ma'aikatan hanya su ke jerawa a kan titi. Ba lalacewa ta yi ba, ba a kuwa same ta da wata cuta da za ta ɓata wayar mutane ba. Abin da ya fi ba jama'a mamaki shi ne, wanda ya kai ƙarar da ta jawo cire ta ɗaya ne daga cikin manyan waɗanda suka rubuta ta, wani masanin kwamfuta Bafaranshe mai suna Rémi Denis-Courmont.

To, me zai sa mutum ya yi shekaru yana aiki ba lada, sa'an nan ya zo ya tare wa aikin nasa hanyar isa hannun miliyoyin mutane? Amsar wannan tambaya ita ce za ta nuna wa mai karatu wata gardama da a ke yi tun 2010 tsakanin manyan kamfanonin da su ke riƙe da kantunan manhaja da kuma 'yan sa kai masu rubuta manhajar da kowa ya ke da 'yancin kwafa da gyarawa.

ASALIN BUƊAƊƊIYAR MANHAJA

Kowace manhaja tana da rubutun asali, watau jerin umurnin da masana su ke tsarawa kafin a juya shi zuwa harshen da na'ura ta ke ganewa. Yawancin kamfanoni suna ɓoye wannan rubutu kamar yadda mai magani ya ke ɓoye sirrin haɗinsa, sai su sayar wa mutane da abin da aka riga aka haɗa. Cikin 1983, wani masani a Amurka mai suna Richard Stallman ya yi shelar wani shiri da ya kira GNU, da nufin a samar da manhajar da ba a ɓoye asalinta. Bayan shekara biyu, cikin 1985, ya kafa gidauniyar FSF don ta tsaya wa wannan aƙida.

Aƙidar ta tsaya ne a kan 'yanci huɗu: mutum ya yi amfani da manhaja yadda ya ga dama, ya duba rubutun asalinta ya gyara, ya kwafa ya ba wani, kuma ya rarraba wadda ya gyara. Don kada wani ya ɗauki aikin jama'a ya kulle, sai aka tsara wani lasisi mai suna GPL, wanda ya fara fitowa cikin 1989, aka sabunta shi cikin 1991 da kuma 2007. Ginshiƙinsa sharaɗi ne guda: duk wanda ya miƙa manhajar ga wani, tilas ya miƙa ta tare da 'yancin da shi ma ya samu, kuma ba shi da ikon ƙara wani takunkumi nasa a kai. Ba a hana sayarwa ba, abin da aka hana shi ne ɗaurewa. Misalinta kamar rijiyar waƙafi ce, kowa ya ɗiba, har mai garuwa ya ɗiba ya sayar, amma ba mai ikon kewaye ta da katanga ya sa kwaɗo.

A ƙarƙashin wannan lasisi ne Linux, wadda Linus Torvalds ya fara cikin 1991, ta bunƙasa har ta zama ƙashin bayan wayoyin Android. A ƙarƙashinsa ne kuma aka saki VLC cikin 2001, bayan ta faro a matsayin aikin ɗalibai a wata babbar makarantar injiniyoyi da ke kusa da Paris cikin 1996.

ZUWAN KANTUNA

A zamanin kwamfutar tebur, mai rubuta manhaja ba ya neman iznin kowa. Ya ajiye ta a shafinsa na intanet, mai so ya sauke, ko kuwa a zuba ta a faifai a ba aboki. Al'amarin ya sake ne a watan Yulin 2008, lokacin da kamfanin Apple ya buɗe kantinsa na App Store da manhaja kimanin 500, ya kuma mai da shi ƙofa ɗaya tak da manhaja za ta bi ta shiga iPhone. A watan Oktoba na wannan shekara kamfanin Google ya buɗe nasa, Android Market, wanda aka sake wa suna Google Play cikin 2012.

Mai son kasa kayansa a kantin Apple sai ya yi rajista da dala 99 kowace shekara, a na Google kuwa dala 25 sau ɗaya. Sa'an nan ma'aikatan kamfanin za su duba manhajar, su karɓa ko su ƙi. In ana sayar da ita, la'adar mai kanti a farko kashi 30 ce cikin ɗari, sai cikin 2021 kamfanonin biyu suka rage ta zuwa kashi 15 ga ƙananan masu sana'a. Har ila yau, shi ma mai saukewa akwai takardar sharuɗɗa da zai amince da ita, ko da kuwa bai karanta ba. A cikin sharuɗɗan Apple na wancan lokaci an ce amfanin kansa kaɗai mutum zai yi da abin da ya sauke, kuma a kan na'urori biyar da kamfanin ya amince da su. Bugu da ƙari, kowace manhaja takan fito da wani kulli da zai hana a kwafe ta a tura wa wani.

Nan fa aka yi karo. Lasisin GPL ya ce ba a ƙara takunkumi, mai kanti kuwa ya ce ba abin da zai fita daga rumfarsa sai da nasa takunkumin.

ƘARAR FARKO DA TA BIYU

Gidauniyar FSF ce ta fara ɗaga murya a watan Mayun 2010. Wani ya ɗauki GNU Go, manhajar wasan darar nan ta mutanen Gabas mai Nisa, wadda haƙƙin mallakarta ya ke hannun gidauniyar, ya sa ta a kantin Apple. Gidauniyar ta rubuta wa kamfanin cewa sharuɗɗansa sun saɓa wa lasisin, tana fatan ya gyara su. Kamfanin bai taɓa ko harafi ɗaya a cikin sharuɗɗansa ba, sai kawai ya cire manhajar.

Ana wata ga wata. A watan Satumba na shekarar, wani ƙaramin kamfani a Faransa mai suna Applidium ya shirya VLC don iPad, ya sa ta a kantin kyauta, jama'a kuwa suka yi ta saukewa. A watan Oktoba sai Denis-Courmont ya aika wa Apple takardar cewa ana keta haƙƙin mallakarsa. Hujjarsa ita ce, ya ba da aikinsa ne bisa alkawarin cewa duk wanda ya karɓa zai iya kwafa ya raba, kuma ba wanda ya ke da ikon karya wannan alkawari a madadinsa, ko da kuwa abokan aikinsa ne. Mutane da yawa suka yi masa caa, wasu ma suka riƙa tuna wa duniya cewa a lokacin yana aiki ne da Nokia, abokiyar hamayyar Apple. A cikin ƙungiyar VideoLAN kanta, wadda ta ke kula da VLC, kawuna suka rabu. Amma ta fuskar doka, buɗaɗɗiyar manhaja kamar gonar gado ce, kowane magaji yana da haƙƙi a kan kasonsa, mutum ɗaya kuwa ya isa ya hana ciniki.

Kafin VLC ta koma kantin sai da aka yi shekara biyu da rabi. Shugaban VideoLAN, Jean-Baptiste Kempf, ya ɗauki ɗawainiyar bin waɗanda suka taɓa sa hannu a aikin, ɗaya bayan ɗaya, yana neman amincewarsu a sassauta lasisin injin manhajar zuwa wani mai suna LGPL. Aiki ne mai cin rai, domin wasu sun bar harkar shekaru da dama, sun sake adireshi, kuma duk sashen da ba a sami yardar mai shi ba sai a sake rubuta shi ko a ajiye shi gefe. Sai a watan Yulin 2013 VLC ta sake bayyana a kantin Apple, an rubuta fuskarta sabuwa, an kuma haɗa mata lasisin MPL na Mozilla wanda bai yi tsauri kamar GPL ba.

Darasin da masu rubuta manhaja suka ɗauka a bayyane ya ke. Mai son aikinsa ya shiga iPhone, ko dai ya zaɓi lasisi mai sauƙi irin MIT ko BSD ko Apache, waɗanda ba su hana kowa kulle abin da ya ɗauka ba, ko kuwa ya riƙe GPL ya ƙara wani sakin layi na togiya da ya halatta rabawa ta kantin, kamar yadda masu manhajar saƙonni ta Signal suka yi cikin 2016. Togiyar kuwa ba ta yiwuwa sai duk masu haƙƙi sun yarda, don haka tsofaffin ayyuka masu ɗimbin marubuta su ne suka fi shan wuya. Ta haka takardar sharuɗɗan kamfani ɗaya ta zama tana zaɓa wa 'yan sa kai irin lasisin da za su sa wa aikinsu.

Akwai kuma wani ƙulli. Ko da mutum ya sami rubutun asali ya gyara, in yana son ya sa gyararriyar manhajar a iPhone ɗinsa ba tare da biyan dala 99 ba, kwana bakwai kaɗai za ta yi tana aiki, sai ya sake sabunta ta. 'Yancin gyara yana nan a takarda, amma makullin wayar yana hannun wani.

BA LASISI KAƊAI BA

A kantin Google ba a sami irin wannan karo da GPL ba, amma matsalar ta ɓullo ta wasu kafofin. Ta farko ita ce kuɗi. Da dama daga cikin masu irin wannan aiki da gudummawar jama'a su ke rayuwa. A watan Oktoban 2019, Google ya cire WireGuard, wata manhaja mai kare sirrin hanyar sadarwa wadda Jason Donenfeld ya rubuta, saboda akwai wani ɗan maɓalli a cikinta da ke kai mutum shafin ba da gudummawa, abin da kamfanin ya ce ya saɓa wa dokarsa ta biyan kuɗi. Sai da aka cire maɓallin ta koma. Abin ban takaici, 'yan watanni bayan haka, a watan Maris na 2020, aka shigar da fasahar WireGuard cikin Linux kanta, watau cikin tushen da Android ta tsaya a kai.

Ta biyu ita ce ɗora wa manhaja laifin masu amfani da ita. A ƙarshen watan Janairun 2021 an dakatar da Element, manhajar hira da ke haɗa mutum da kowace cibiya ya zaɓa, saboda wani mummunan abu da aka gani a ɗaya daga cikin cibiyoyin. Masu ita suka ce wannan kamar a kama mai sayar da rediyo ne don abin da wata tasha ta faɗa. An maido da ita cikin ɗan lokaci. Haka nan a watan Nuwamban 2020 Apple ya yi barazanar cire iSH, wadda ke ba ɗalibai da masana damar aiki da Linux a kan iPhone, bisa dokarsa da ta hana manhaja sauko da wani umurni daga waje. Sai da jama'a suka yi ƙorafi ya janye.

Ta uku ita ce yawan takardu da ƙa'idoji, waɗanda babban kamfani mai lauyoyi ba ya ji a jikinsa, amma su kan karya gwiwar mutum ɗaya mai aiki da dare bayan ya tashi daga ofis. Daga watan Agustan 2021, duk sabuwar manhaja a Google Play sai ta bar wa kamfanin ajiyar makullin sa hannu, watau hatimin da ke shaida cewa daga mai ita ta fito. Daga watan Nuwamban 2023 kuma, sabon mai rajista da sunan kansa sai ya samo mutum 20 sun gwada manhajarsa kwana 14 kafin a sake ta, daga baya aka rage su zuwa 12. A watan Oktoban 2024, mai kula da Syncthing ta Android, manhajar da ke daidaita fayiloli tsakanin na'urori, ya ba da sanarwar ajiye aikin, ya kuma ambaci wahalar da a ke sha wajen fitar da sabon bugu a kantin Google cikin dalilansa, tare da ƙarancin masu taimako.

Shi ma kamfanin Microsoft ya taɓa tsoma ƙafa. A watan Yunin 2022 ya fito da dokar hana karɓar kuɗi a kantinsa kan buɗaɗɗiyar manhajar da a ke samu kyauta a wani wuri. Niyyarsa ita ce ya kori 'yan cuwa-cuwa masu kwafe aikin wasu suna sayarwa. Amma dokar ta haɗa har da masu aikin na ainihi, irin masu manhajar zane ta Krita, waɗanda da cinikin kantunan su ke biyan wasu ma'aikatansu. Ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta yi tir da dokar, a watan Yuli kuwa kamfanin ya janye ta.

HUJJAR MASU KANTI

Adalci ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Kamfanonin suna cewa waya a yau ita ce asusun banki, ita ce akwatin sirrin mutum, kuma yawancin masu riƙe da ita ba za su iya bambance manhajar kirki da ta 'yan damfara ba. In ba mai gadi a ƙofa, ɓarawo zai shigo da rigar malamai. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin su kansu masu VLC sun sha kokawa kan masu kwaikwayon sunansu da alamarsu suna cusa tallace-tallace da mugayen abubuwa. Kuma ba a musun cewa kantunan sun kai aikin 'yan sa kai hannun mutanen da ba za su taɓa nemo shi da kansu ba. A watan Janairun 2025, VideoLAN ta ce an sauke VLC sau biliyan 6 a kan na'urori iri-iri.

Masu sukar kantunan kuwa suna cewa manhajar da kowa ke iya duba cikinta ta fi sauƙin tantancewa a kan wadda aka rufe, kuma duk da gadin, miyagun manhajoji suna kutsawa cikin kantunan. Suna kafa misali da F-Droid, wani kanti na 'yan sa kai da Ciaran Gultnieks ya kafa cikin 2010 don wayoyin Android. Ba a karɓar komai a cikinsa sai buɗaɗɗiyar manhaja, masu kula da shi ne su ke haɗa yawancinta da kansu daga rubutun asali, kuma suna gargaɗin mai saukewa in akwai talla ko leƙen asiri a ciki.

INDA AKA KWANA

Hukumomi sun shigo maganar. A watan Maris na 2024, dokar kasuwannin zamani ta Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple ya ƙyale wasu kantuna su buɗe a kan iPhone a ƙasashen tarayyar, a watan Afrilu kuwa AltStore PAL, wanda shi kansa buɗaɗɗiyar manhaja ne, ya fara aiki. Amma Apple ya riƙe ikon buga hatiminsa a kan kowace manhaja, ya kuma sa harajin rabin yuro a kan kowane saukewa da ya wuce miliyan ɗaya a shekara. Da aka nuna masa cewa wannan zai iya talauta yaron da ya ba da aikinsa kyauta ya karɓu, sai a watan Mayu ya yafe wa waɗanda ba sa samun ko kwabo. A watan Afrilun 2025 tarayyar ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 500 saboda hana masu manhaja nuna wa jama'a hanyoyin biya na waje.

Yayin da ƙofar Apple ta ɗan buɗe, sai ta Google ta soma tsukewa. A watan Agustan 2025 kamfanin ya ba da sanarwar cewa duk mai son manhajarsa ta shiga wayoyin Android masu shaidar Google, ko da ba ta kantinsa za ta bi ba, sai ya yi rajista ya tabbatar da ko shi wane ne. Ya ce za a fara da Brazil, Indonesiya, Singafo da Tailan a watan Satumban 2026, sauran duniya su biyo baya. Dalilinsa shi ne, bincikensa ya nuna mugayen manhajoji sun ninka fiye da sau 50 a cikin abin da a ke saukewa daga waje in an gwada da na kantinsa. Masu F-Droid suka ce in dokar ta tabbata yadda aka tsara ta, to, ajalin aikinsu ya zo. A watan Nuwamban shekarar Google ya ce zai bar wata hanya ga ƙwararru da suka yarda su ɗauki kasadar da kansu.

A nan ne maganar ta iso gida. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a a ƙasar nan Android ne, irin su Tecno da Infinix da itel. Saboda tsadar data, mutane da dama ba daga kanti su ke samun manhaja ba, aboki ne ke tura musu ta Xender, ko kuwa masu tura waƙoƙi da fina-finai a kasuwa su zuba musu. Wannan tura-ni-in-tura-maka shi ne ainihin 'yancin da lasisin GPL ya yi alkawari, kuma shi ne sabbin ƙa'idojin za su taɓa. Haka nan ɗalibin da ya rubuta ƙamus ko manhajar koyon karatu da harshen uwa, yana son ya raba wa jama'a fi sabilillahi, kuɗin rajista da dala da takardun shaida su ne shingen farko da zai tarar.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kamata masana kwamfuta a jami'o'in ƙasar nan da hukumomin da ke kula da sadarwa da kare haƙƙin masu saye su sa ido kan yadda wannan gardama za ta kaya, kada a yanke hukunci a Kalifoniya da Brasels, labari kawai ya iso. Mai kasuwa yana da ikon ya tsare kasuwarsa daga ɓarayi, amma wanda ya sayi waya da guminsa, shi ma yana da ta cewa a kan abin da zai zuba a cikinta. Allah ya sa a dace.